Zuwa Ga Bakanon Da Zai Sayi Kamfani Ta Waya

Bakano, ina gaisuwa, irin wadda ubangida kan yi wa yaronsa idan ya ga ya ɗan yi ƙiba. Ya Kano, ya ƙura, ya hayaniyar 'yan adaidaita? Allah ya ƙara muku haƙuri.

Labari ya iso Makarfi, kuma ba daga bakin maƙiyi ba, daga bakin direban da ke kwasar maka rake ne, cewa ka daina hirar dami da kwando, yanzu ba ka da zance sai na hannun jari. Wai ka sauke wata manhaja a waya, ka shiga wani zauren WhatsApp inda wani mai kiran kansa Furofesa ke turo sunan kamfani kowace safiya da manyan baƙaƙe, ku kuma kuna ta jero masa “Allah ya ƙara basira”. Har an ce a majalisarku ka hana a kira ka ɗan rake, sai dai infesta. Ikon Allah! Shekara da shekaru kuna yi mana gorin dogon Turanci, ashe jira kuke ku tsinci kalma ɗaya ku rataya a wuya.

To ni ba zan hana ka ba. Sai dai ka sani mu mutanen jihar Kaduna mun riga ku a wannan harka. Kasuwar da kake ta rawar ƙafa a kanta an kafa ta a Legas a 1960, ta buɗe reshe a Kaduna a 1978, ba ta tuna da Kano ba sai 1989. Shekara 11 ke nan tsakani, in ba ka yarda ba ɗauko kalkuletar taka. Saboda haka sauko ƙasa ka tanƙwashe ƙafa, malaminka zai yi magana.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne na san yadda kake sayen gonar rake a tsaye. Na sha raka ka fadamun Kudan da namu na nan. Ba ka taɓa tsayawa a bakin gona ka yi ciniki ba, don ka san layin bakin hanya shi manomi ya fi ba taki. Sai ka naɗe wando har gwiwa, ka kutsa tsakiya ƙaiƙayi na cin wuyanka, ka ƙirga kunya, ka auna gaɓa da tafin hannu, ka sa a saro maka guda daga can ƙurya. Ka fere shi ka duba ko cikinsa ya yi ja, alamar tsutsa ta riga ka, ka tauna ka tofar kana yamutsa fuska ko da zaƙinsa ya kai maka har kunne, don kada a tsauwala kuɗi. Daga nan ka ja maƙwabcin gona gefe ka tambaye shi ko an jinginar da ita, ko wani dillali ya riga ya ajiye kafin alƙalami, ko akwai magajin da bai yarda a sayar ba. Ka leƙa hanyar da mota za ta shigo, ka lissafa ladan masu sara da na 'yan lodi. Sai bayan duk wannan ka buɗe baki ka yi tayin da zai sa manomi salati. Wannan mutumin da bai yarda da raken da idonsa ke gani ba, shi ne yau zai tura ribarsa ta shekara guda ga kamfanin da bai san ko ƙofarsa gabas take kallo ko yamma ba, don kawai Furofesa ya ce.

Hannun jari yanki ne na kamfani. Ranar da ka saya, kai ma ka zama mai gona, da rakenta da tsutsarta da duk bashin da ke kanta.

Ka fara da tabbatar da cewa gonar ma akwai ta. Kamfanin yana cikin jerin waɗanda ake cinikinsu a kasuwar NGX? Dillalin da zai saya maka, ko manhajar da ka sauke, yana da rajista da hukumar SEC? Sunayen duka suna shafukansu na intanet, kyauta, kuma na san kalmar kyauta tana faranta maka rai. In an saya, dole kayan su shiga asusunka na CSCS, ma'ajiyar hannun jari, da sunanka da lambarka. Kada wani ya ruɗe ka da takardar CAC a cikin firam. Ita wannan shaidar an yi wa suna rajista ce kawai, mai shayin tashar Hunƙuyi ma in ya so gobe zai yi tasa. MMM ta yi wa mutane alƙawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe ƙofa a Disambar 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi a kwana 30, ta yi ɓatan dabo a Afrilun 2025. Ban ce kana ciki ba. Na dai lura a watan nan ka yawaita azumin nafila.

Direban ya ce kamfanin sukari ranka ya fi kwantawa da shi, wai ai ka san rake, kuma mai kamfanin ɗan garinku ne. Hujjoji biyu, dukansu na Bakano. Aliko Ɗangote da Abdussamad Rabi'u Kanawa ne, ba mai ja, amma ba inda aka rubuta cewa ranar rabon riba za a ƙara wa ɗan Ƙoƙi ko ɗan Fagge ko da kwabo. Sanin rake kuma, a nan ne zan ba ka labarin da zai sa ka cire hula ka sosa kai. Mafi yawan sukarin da ake zubawa a shayin ƙasar nan bai taɓa ganin fadamar Najeriya ba. Ɗanye ake lodo shi a jirgin ruwa daga Burazil, a tace a Legas. Kamfanin Dangote Sugar yana da gonar rake a Numan ta jihar Adamawa, amma ƙarfin cinikinsa daga matatar Apapa yake. Wato da dala yake saye, da naira yake sayarwa. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta da kanta. Dalar da take wajen naira 460 a hannun gwamnati ta haura 1,400 a farkon 2024. Kamfanin da ya ci ribar sama da naira biliyan 50 a 2022 sai ga shi ya tafka asarar sama da biliyan 70 a 2023, alhali cinikinsa ƙaruwa ya yi. MTN ta Najeriya ta yi asarar biliyan 137 a shekarar. Ba a daina shan shayi ba, ba a daina buga waya ba, kai ma shaida ne tunda kullum sai ka yi mini filashin. Bashin da ake bin su da dala ne ya kumbura dare ɗaya.

Kuma ba a ɓoye yake ba. A rahoton kowane kamfani akwai shafin da ke faɗin nawa ake bin sa da kuɗin waje. Wanda ya karanta ya san inda ciwon yake, ya kuma iya auna ko mai warkewa ne. MTN ta koma cin riba a 2025. Wanda bai karanta ba, ya saya don an ce, ya sayar da asara don ya tsorata, sannan ya zauna yana zagin kasuwa.

In ka ƙara zuwa, zan kai ka Ikara ka ga kamfanin tumatur. Gwamnatin tsohuwar jihar Kaduna ce ta kafa shi a farkon shekarun 1980, a ƙasar da tumatur kan yi yawa da rani har kwando ya fi abin da ke cikinsa daraja. Duk wanda ya kalli wannan daga bakin titi zai rantse an gama samun riba. Amma shekaru masu yawa ya yi a kulle, sai a 2014 aka farfaɗo da shi da haɗin gwiwar 'yan kasuwa. Kada ka yi dariya tukuna, don naku na Kadawa, wanda Ɗangote ya gina don ya riƙa cinye tan 1,200 a rana, an buɗe shi a 2016, bai yi wata nawa ba ya tsaya. Shekarar ce tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatur. Ko ba tsutsa, injin tumatur na da matsalar da gini mai fenti ba ya nunawa: kayan 'yan watanni ne a shekara, in ya yi tsada manomi 'Yankaba zai kai ko ya loda wa motar Legas, ga na gwangwani da ake shigowa da shi daga Sin da araha, ga wuta. Su waɗannan biyun ba a cinikin hannun jarinsu a kasuwa, na kawo su ne don ka ji irin tambayar da ake yi wa kowane kamfani. Daga ina yake samun abin da yake sarrafawa? Wata nawa injinsa ke juyawa a shekara? Wa ke sayar da irin kayansa da rangwame? In gwamnati ta buɗe iyaka ko ta rufe, ina zai kwana? Masaƙun Kakuri sun fi waɗannan girma nesa ba kusa ba, je ka ga abin da ya rage.

Amsoshin suna cikin rahoton shekara. Ƙa'idar kasuwa ita ce kamfani ya fitar da lissafinsa da odita ya duba cikin kwana 90 bayan ƙarshen shekararsa, na wata uku-uku kuma cikin kwana 30. Masu jinkiri ana cin su tara, ana kuma wallafa sunayensu. Kamfanin da sunansa ya saba fitowa a nan, ka ɗaga masa hannu daga nesa.

Na san inda takalmin ke matsa ka. Littafi ne mai shafi sama da ɗari, Turanci zalla, ba hoto sai na manya sanye da kwat suna murmushi. Ka tsallake su. Jawabin shugaban kamfani shi ne layin bakin hanya. Ka wuce can wajen ƙarshe, akwai shafi guda da aka jera lissafin shekara 5 gefe da gefe, lambobi ne, kuma ko maƙiyin Bakano bai ce masa bai iya lamba ba. Duba ciniki, hawa yake ko sauka. In hawa yake, ka gwada shi da tsadar rayuwa, don a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Kamfanin da cinikinsa ya ƙaru da kashi 20 a irin wannan shekara, raguwa ya yi, lamba ce kawai ta yi ƙiba. Duba abin da ya rage bayan an cire kuɗin kaya da albashi da kuɗin ruwa da haraji. Duba bashi, da wane kuɗi aka ci shi, yaushe za a biya.

Sannan ka nemi shafin da ya fi kowane wuyar yi wa kwalliya, na shige da ficen tsabar kuɗi. Riba a takarda daban, kuɗi a aljihu daban. Kai ma ka sha rubuta riba a littafinka alhali kuɗin suna hannun yaran da ke tura rake a baro, kowa ya ce sai ya sayar. Kamfanin da kullum yake shelar riba amma tsabar da ke shigowa daga ainihin sana'arsa ba ta kai ba, yana ta cin sabon bashi don ya raba wa mutane riba, akwai magana. Ka karanta ra'ayin odita, musamman in ya ce yana shakkar ko kamfanin zai iya ci gaba da tsayawa. Amma shi ma odita ɗan Adam ne. A 2006 aka gano an shekara da shekaru ana kumbura lissafin Cadbury ta Najeriya, da abin da ya haura naira biliyan 13, kamfanin Bournvita da TomTom da kowa ke ganin ya fi ƙarfin zargi. A 2008 hukumar SEC ta hukunta kamfanin da wasu shugabanninsa, har da kamfanin oditan da ke sa hannu. Shi ya sa ba a tsayawa a kan shafi ɗaya. In Turancin ya gagare ka, kawo mini nan. Mu da kuke ce wa ba mu da aiki sai karatu, yau ga ranarmu.

Kai da kake ganin yanzu aka fara wannan zazzaɓi, ka manta 2007 ne? A 2004 gwamnan Babban Banki na lokacin, Charles Soludo, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. Sai talla ta cika rediyo da talabijin. Malaman makaranta, ma'aikatan ƙaramar hukuma, 'yan fansho, 'yan hatsi, kowa na cike fom. Abin ya kai banki na ba mutum bashi don ya sayi hannun jari, wani lokaci ma na bankin kansa, farashi na ta hawa kowa na tafi. A farkon Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura maki 66,000. Kafin shekarar ta ƙare bai kai rabin haka ba. Ranar 14 ga Agustan 2009 wani ɗan garinku, Sanusi Lamiɗo Sanusi, lokacin yana gwamnan Babban Banki, ya sallami shugabannin Afribank da FinBank da Intercontinental da Oceanic da Union Bank, ya zuba naira biliyan 420 don kada su durƙushe. Dole in yarda, ranar nan Kano ta yi abin kirki, sau ɗaya dai ba ya zama hali. A 2011 aka karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank aka sauya musu suna, haka aka yi wa Skye Bank a 2018. Masu ajiya ba su rasa kuɗinsu ba. Masu hannun jari kuwa, su ne a ƙarshen layi: sai an sallami duk mai bin bashi, in an ga saura a ba su, kuma sau da yawa ba a gani. Na san gidajen da har yau satifiket ɗin nan masu ado suke kwance a ƙasan akwatin ƙarfe tare da takardun gona.

Abin da ya ci bankunan nan, mafi yawa daga ciki ya fito: bashin da aka ba 'yan uwa da abokai da kamfanonin shugabanni, ba a biya ba, ba a kuma rubuta shi a matsayin asara ba. Don haka ka san masu riƙe da ragama. Rahoton yana kawo sunayen daraktoci, da duk wanda ya mallaki kashi 5 cikin ɗari zuwa sama, da cinikin da kamfani ke yi da sauran kamfanonin mai gidan. Wannan shafi ka zauna a kansa. In mai gida shi ke sayar wa kamfani kaya, shi ke dako, shi ke ba da hayar gini, to ya ci tasa ribar tun kafin a zo rabon taku.

Yanzu farashi, inda na san za ka yi mini gardama. An ce ka fi son na naira 2, wai ya fi araha, da dubu ɗari sai ka kwashi hannu dubu hamsin ka shiga gari kana taƙama. Ba haka ake auna araha ba. A ce kamfani ana sayar da hannunsa naira 50, kowane hannu yana cin ribar naira 10 a shekara. Shekara 5 ribar ta kai kuɗin da ka biya. Wani kuma naira 2 ne, ribarsa kwabo 5. Wannan sai shekara 40, lokacin jikokinka ne ke sayen rake. Wanne ne mai tsada? Raba farashi da ribar hannu ɗaya, ka gwada da ta sauran kamfanonin da ke sana'a irin tasa, banki da banki, siminti da siminti. Ka kuma duba abin da aka saba rabawa a shekarun baya, a kai a kai ne ko sai an ga dama, kada ka manta gwamnati na cire kashi 10 cikin ɗari kafin ya shigo asusunka. Ka leƙa yawan cinikinsa a kullum ma. Akwai hannun jarin da shiga ba wuya, ranar fita ka yi ta kiran mai saye ba mai amsawa.

Na ga kana sosa gemu, na san tambayar: ya halas ɗinsa? Tun 2012 kasuwar tana da jeri na musamman mai suna Lotus Islamic Index, inda ake tace kamfanoni, a cire na giya da taba da caca da bankunan kuɗin ruwa, da waɗanda bashin ruwa ya yi wa katutu. Duba shi, ka kuma tambayi malamin da ya san fiƙihun ciniki, ba wanda ya fi kowa ihu a TikTok ba. Sai dai jerin ya ce maka halas ne, bai ce maka akwai riba ba, bai kuma ce yaushe ba. Mutanenmu da suka sayi hannun jarin Jaiz a 2003, da zuciya ɗaya, sai a Janairun 2012 bankin ya buɗe ƙofa, a 2017 ya shiga kasuwa, rabon riba na farko kuma sai a 2020, kwabo 3 a kowane hannu. Shekara 17. Bakanon da in kuɗinsa ya kwana bai haihu ba sai ya tashi da ciwon kai, zai iya wannan zama?

Shi ya sa kada ka taɓa uwar kuɗin rake, kada ka taɓa na makarantar yara, kada ka ci bashi don wannan. Abin da ya yi saura, wanda ko shekara 5 ba ka neme shi ba gida ba zai girgiza ba, shi za ka sa, kuma ka rarraba shi a sana'o'i daban-daban. Ka cike fom ɗin da zai sa rabonka ya riƙa faɗowa banki kai tsaye, da suna iri ɗaya da na BVN ɗinka, ba yau Muhammadu gobe Mamman jibi Alhaji ba. A 2023 hukumar SEC ta ce ribar da aka raba masu ita ba su zo sun karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. Wasu sun sauya gari, wasu sun sauya suna, wasu sun rasu iyalinsu ba su san da ajiyar ba. Na san ɗabi'arku, Bakano gara ya faɗa wa matarsa ya yi hatsari da ya faɗa mata nawa ke asusunsa, amma wannan karon ka daure ka rubuta a takarda ka nuna wa Hajiya da babban ɗanka.

Ranar kasuwar Makarfi mai zuwa ka taho da rahoton kamfani biyu da kake so, bugagge a takarda, kada ka miƙo mini waya mai fasasshen gilashi. Ka zo da lissafin shekara 5 ka ja layi a ƙarƙashin bashi. Shi kuma Furofesa ka tambaye shi lambar rajistarsa ta SEC a gaban kowa, mu ga ko zai kwana a zauren.

Kuɗin sharar da kake zuwa nema wurina in Muharram ya kama, bana kada ka sa rai, na cire shi a ladan wannan karatu. Cikon kuma gurasa ce, mai ƙuli da yawa, a kwano ba a leda ba. Ba na karɓar taransifa, kuma ko da wasa kada ka ce za ka biya ni da hannun jari.